Jan Zinare a Kan Hita

Ni ba mutumin zama ba ne. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina ƙera zinare, 'yan kunne, zobba, awarwaro, sarƙoƙi, har ranar da idona na hagu ya fara yin hazo na liƙa wa wata mata ƙugiyar ɗan kunne a baibai. Ban jira wani ya faɗa mini ba, na rufe shago. Wata bakwai na yi a gida. Na gyara famfon da lafiyarsa ƙalau, na kwance ƙofar banɗaki na mayar, na sauya wa kujerun falo wuri har sau uku. A ƙarshe mai ɗakina ta ce in dai ba so nake ta tattara ta koma gidan yayanta ba, to in nemi inda zan riƙa zuwa da safe.

'Yata ce ta raba mu. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa Uwata nake ce mata. Tana karatun digirin digirgir a jami'a, tana bincike a kan ƙarafa, kuma ɗakin bincikensu yana neman mai kula da tanderu, wanda zai kunna, ya sa ido a kan zafi, ya fito da abu da awartaki ba tare da ya ƙona kansa ko ɗalibai ba. Ta kai ni gaban Farfesanta, wani siririn mutum mai magana a hankali kamar ana sayar masa da kalmomin. Ya tambaye ni a zafin digiri nawa zinare yake narkewa. Na ce dubu da sittin da huɗu, azurfa ɗari tara da sittin da biyu, kuma ko ma'aunin nasu ya mutu ni daga launin wuta zan gaya masa inda aka kai. Ya yi murmushi. Aka ba ni farar riga da mabuɗi, na sa hannu a wata takarda mai shafi uku da ban tsaya karantawa ba.

Wallahi na ji daɗin wurin nan. Tanderu uku a jikin bango, dogon tebur na dutse, fanka mai zuƙe hayaƙi tana gurnani wuni guda, sai wata hita a kusurwa, farantin ƙarfe ne mai maɓallin murɗawa da ake ɗumama abu a kai. Ɗalibai suna ce mini Baba Mai Wuta. Ina yi musu faɗa in sun riƙe awartaki kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa, suna dariya, suna gyarawa.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba, shi ne aikin Uwata. A makon farko ta ɗago wata 'yar kwalba mai jan ruwa ta ce mini wai zinare ne. Na ɗaga ta a haske, na girgiza, na ce in wannan zinare ne to ni ma matuƙin jirgin sama ne. Ta ce in aka raba kaurin gashin kai ɗaya gida dubu ashirin, to kashi ɗaya shi ne girman ƙwayoyin zinaren da ke yawo a ruwan nan, nano ake kiran irin wannan ƙanƙanta. Ta ce abu in ya ƙanƙance haka ba ya riƙe halinsa na da, haske ma ba ya sauka a kansa yadda ya saba, shi ya sa ya koma ja. Tana shirin ci gaba na katse ta. Na ce zinare zinare ne ko a gidan uban wa, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta ce to, Baba. Da na bar ta ta ƙarasa maganar nan da ba ku ji wannan labarin ba.

Shekara biyu ta yi kafin ta iya fitar da ƙwayoyin nan kai ɗaya, kowane rukuni da girmansa. Ta shimfiɗa su a kan 'yan gilasai guda ashirin da huɗu, kowanne bai wuce farcen babban yatsa ba. Akwai wata babbar na'ura a wani gari mai nisa da za ta auna yadda lantarki yake tsallakawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan, kuma layi ake bi. Wata goma sha huɗu ta yi tana jira, aka ba ta ranar Alhamis. Ban da haka, bara ƙura ta taɓa ɓata mata wani rukuni saboda ta bar murfi a buɗe, Farfesa ya ja mata kunne a gaban kowa cewa in aka sake sakaci zai miƙa aikin ga wani ɗalibin. Duk gidanmu mun san wannan. Mamarta ma da ba ta san nano daga nono ba, ta san Alhamis.

Ranar Litinin da hantsi aka kira ɗalibai taro. Uwata ta nuna mini tiren gilasan a ƙarƙashin murfi, ta ce bushewa suke yi, sai sun kwana biyu, in sa ido kada wani ya ture. Ta fita da gudu.

Na sa ido. Na zagaya teburin, na dawo na sake sa ido. An kwana ana ruwa, ɗakin duk danshi, jikin murfin har ya yi gumi. Gilasan kuwa ga su nan da wani dabbare mai duhu, ja-ja baƙi-baƙi, kamar tsatsa a gindin bokiti. Na ce a raina yarinyar nan za ta ɗauki wannan ƙazanta ta kai wa manyan mutane ta ce zinare ne? Kuma a wannan danshin yaushe za su bushe kafin Alhamis? Na je na duba tanderu, babu abin dubawa. Na share inda na riga na share. Ƙafata ta sake kawo ni gaban tiren.

Kada ku ce ban yi tunani ba, na yi, har da lissafi. Zinare sai dubu da sittin da huɗu. In na sa hita a ɗari biyu da hamsin ko kashi ɗaya cikin huɗu ban kai ba. A shago da irin wannan zafin nake busar da kaya bayan wanki, ban taɓa ganin ko ƙyaftawar ido zinare ya yi ba. Na ɗauki hantsaki na jera su a kan farantin yadda ta jera su, layi huɗu, na murɗa maɓallin.

Ba a yi minti goma ba layin farko ya fara juyawa. Su ne masu ƙananan ƙwayoyi, daga baya na sani. Duhun nan ya riƙa janyewa daga gefe yana shiga tsakiya, rawaya tana biyo shi, rawaya ta gaske, irin wadda na yi shekara arba'in ina nema a bakin wuta. Layi na biyu ya bi, sannan na uku. Na huɗu ya ɗan yi gardama, na ƙara masa lokaci shi ma ya sallama. Na tsaya ina kallo bakina a buɗe don murna. Na ce ashe datti ne ya rufe shi, yau ga zinare ya fito. Da suka huce na hura wa kowanne numfashi na goge shi da ɗan tsumman fatar da ba ya barin aljihuna, na mayar da su tire suna walƙiya, na rufe, na kashe hita. Na tafi sallar azahar ina tsara yadda zan ce mata da tsohuwar zuma ake magani.

Da na dawo na tarar da ƙofa a buɗe, ɗalibai sun yi cirko-cirko. Uwata tana tsaye gaban tiren, hannuwanta biyu a kan dutsen teburin. Ba kuka take yi ba, da kukan ne ma da sauƙi. Farfesa ya ɗaga gilashi ɗaya da hantsaki yana juya shi, ya ajiye, ya ɗauki wani. Ya ce duka sun mutu, wuta ta taɓa su. Ya tambayi wanda ya yi.

Ni da nake da baki kamar reza, harshena ya manne. Ina tsaye a bakin ƙofa da farar rigata.

"Ni ce, Farfesa," in ji ta. "Na ɗora tiren a kan hita kafin in fita, na zaci a kashe take."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce sau biyu ke nan. Ya ce ranar Laraba zai rubuta wa kwamiti, aikin zai koma hannun wani, ita kuma a ga abin da za a yi da ita. Ya fita, ɗalibai suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ta rufe tiren ta sa a kabad. Muka hau mota muka koma gida. Na ɗauka gajiya ce ta ruɗa ta har take ganin ita ta yi, na kuwa bar ta a haka. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Ranar Talata ban iya tsayawa wuri ɗaya ba. Na kunna tanderun da ba a ce in kunna ba, na kashe. Na yi wa wata ɗaliba tsawa a kan safar hannu har ta yi ƙwalla, na bi ta ina ba ta haƙuri. Wani ɓangare na zuciyata yana ta gardama, yana cewa ba zai yiwu ba, ɗari biyu da hamsin ba ya narka zinare, wataƙila dama can a lalace suke. Da wannan gardamar na tare Farfesa a baranda, na yi kamar son sani ne kawai. Na ce ranka ya daɗe, wai ta yaya ɗan wannan ɗumi zai yi wa zinare haka?

Mutumin yana son a tambaye shi. Ya ja ni gaban allo ya zana ƙwallaye cunkushe. Ya ce kowane ƙarfe tarin ƙwayoyin zarra ne riƙe da juna. Wadda take tsakiya maƙwabta sun riƙe ta ta kowane gefe, sai wuta mai ƙarfi take ɓamɓare ta. Wadda take baki-baki kuwa rabin jikinta a waje yake, riƙonta sako-sako ne. A zoben da na saba ƙerawa, ya ce, na bakin ba su kai a ƙirga ba, na tsakiya ne suke da gari, shi ya sa lambar da na haddace take aiki. Amma a ƙwayar Uwata, kusan rabinsu a baki suke. Ɗan zafi kaɗan sai su fara motsi, su miƙa hannu su kama na kusa, wannan ƙwaya ta haɗe da waccan, har duk su zama falle ɗaya. Da sun zama falle sun koma zinaren da kowa ya sani, rawaya, mai ƙyalli, kuma babu sauran abin da za a auna, don abin da ake nema yana cikin rarrabuwarsu ne.

Na tambaye shi ko akwai hanyar mayar da su. Ya ce kai ne maƙeri, in ka narka sarƙa ta zama dunƙule, kana iya ce mata ta koma sarƙa? Sannan ya ce abin yana ba shi takaici, don yarinyar tana da kai, amma wannan aiki ba ya son mai mantuwa.

Na fita ban san inda zan nufa ba. Na zagaya ginin sau biyu, na bi ta wurin ajiye motoci, na zauna a kan benci, na miƙe kamar an tsikare ni. Kunya da haushi suka haɗu mini. Haushin kaina, haushin lambar nan da na riƙe shekara arba'in kamar karatun sallah, har da haushin zinaren kansa da ya yi mini haka bayan duk zamanmu tare. Da la'asar a gida mai ɗakina ta ajiye mini abinci na tura shi gefe. Ta dube ni ta ce ruwa ba ya tsami banza, me na yi? Na ce mata ta bar ni da abin da ya dame ni. Ta ce dama ita ba ta ɗauke mini shi ba. Daga ɗakin Uwata ba motsin komai, sai ƙarar takardu jefi-jefi.

Ranar Laraba da safe muna tsaye a tasha muna jiran mota, na ce mata ina da magana. Na faɗa mata duka, tun daga gumin murfi har tsumman fata. Ina faɗa ina kallon kwata, don ban iya kallon fuskarta ba.

"Na sani, Baba."

Na ɗago kai.

"An goge su," ta ce. "Duk ɗakin nan wa zai ga gilashi ya hura masa numfashi ya goge in ba kai ba? Tun kafin Farfesa ya shigo na gane."

Na ce to don me ta ɗora wa kanta? Ta ce takardar da na sa wa hannu ban karanta ba, a shafi na biyu an rubuta cewa ma'aikacin da ya taɓa kayan binciken ɗalibi ba izini, ranar zai ajiye mabuɗi. Ta ce ita yarinya ce, ko an karɓe wannan aikin za ta nemi wani, ko ta fara daga farko a wani wurin. Ta ce ta ga yadda na koma a wata bakwai ɗin nan, ina yawo a tsakar gida da sukudireba ina neman abin kwancewa, kuma ba za ta sake ganin haka ba.

"Ka yi shiru kawai, Baba. Don Allah. Abu ɗaya nake roƙonka."

Raina ya ɓaci, na rasa da wa. Na ce mata tun yaushe 'ya take rufa wa uba asiri da karatunta? Na ce shekara biyu ba kwana biyu ba ce. Ta ce shekarunta ne, ita ta san yadda za ta yi da su. Mota ta zo muka shiga, ta zauna gaba na zauna baya, ina kallon ƙeyarta har muka isa. Taurin kan nan na san inda ta samo shi, ba wurin mamarta ba ne.

Na bar ta ta shiga ɗakin bincike, ni kuma na wuce ofishin Farfesa ko farar rigar ban sa ba. Na same shi gaban kwamfuta, ya fara rubuta wasiƙar. Na ce ya dakata. Na gaya masa ni ne, na gaya masa lissafin da na yi, na fito da tsumman na ajiye masa a kan tebur. Ya daɗe yana kallonsa. Ya tambaye ni ko ba don in ceci 'yata nake faɗa ba. Na ce ya ɗauko gilasan, zan nuna masa layin da ya fara juyawa da wanda ya yi gardama, da minti nawa kowanne ya ɗauka. Da na lissafa masa sai ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce daidai yadda ya kamata su bi ke nan, ƙanana kafin manya, kuma wanda bai tsaya a kansu ba ba zai sani ba.

Ya goge wasiƙar ina gani. Ya ce aikin yana nan a hannunta, zai roƙa mata wani layin a wurin na'urar, amma kada in sa rai kafin baɗi. Ƙaryar da ta yi masa kuwa, wannan tsakaninsu ne, zai yi mata magana. Ni da shi duk mun san abin da ya rage. Ya ce da yana da yadda zai yi da ya yi, ba a taɓa samun mai riƙe musu tanderu kamar ni ba. Na ce na sani. Na zare mabuɗin daga zoben mabuɗaina, ya ƙi fita, sai da na sa farce na ɓata lokaci a gabansa kafin ya fito.

A baranda na ci karo da ita, wani ya riga ya kai mata labari. Idanunta sun yi ja. Na zaci za ta yi faɗa, na ma shirya amsa.

"Da abu ɗaya na rasa, Baba," ta ce. "Yanzu ka sa na rasa biyu."

Ta wuce ni ta shiga ofishin. Na tsaya ina jin ƙarar fankar nan daga ɗakin tanderu, na ga ba ni da dalilin shiga, na sauka ta matattakala. Ban hau mota ba, da ƙafa na tafi gida, tafiyar awa ɗaya da rabi, kuma ban ji ta ba.

Ranar Alhamis, ranar da ya kamata a ce tana kan hanya da tirenta, na tashi kamar kullum. Na yi wanka, na shirya, na zauna a kan kujerar bakin ƙofa ina sa takalmi, duk ban lura da abin da nake yi ba. Ta fito daga ɗakinta da jaka a kafaɗa, za ta je ta fara haɗa sabon ruwa daga farko. Ta tsaya a ƙofa ta duba agogon hannunta.

"Baba, yi sauri mana, mota za ta..."

Sai ta tuna. Muka dubi juna. Takalmi ɗaya yana ƙafata, ɗayan yana hannuna. Ta gyara jakarta, ta ce sai ta dawo, na ce Allah ya tsare. Ta ja ƙofar a hankali.